Gidan Bakin Teku da Ya Ci Filin Jabi

Takardun suna nan har yau cikin wata tsohuwar jakar Makka a saman wadirob ɗin Hajiya, matar Kawu. Ni na tattara su, domin ni ke riƙe wa Kawu littafin shago a shekarun da abin ya faru. Kafin in rubuta wannan sai da na nemi izininsa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Rubuta, amma kada ka kama suna. Ba nawa ba, ba na banki ba, ba na kamfani ba." Don haka babu suna a nan, lissafin ma na daidaita shi zuwa cikakkun lambobi saboda sauƙin bi.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Labule da kafet da kujerun ofis yake sayarwa, shago a kasuwar Wuse, sito a Dei-Dei. Ya daɗe yana zuwa Dubai saro kaya, ya san lungunan Daira kamar yadda ya san na Wuse. Ba mutum ne mai rawar kai ba, kuma ba ya caca da kuɗi. Abu ɗaya ya yi imani da shi a harkar duniya, yana kuma maimaita shi har mun haddace: ƙasa ba ta cin amana. Yana da hujjarsa. Gidan da yake ciki a Gwarimpa ya ninka kuɗinsa. Filin da ya saya a Jabi tun wurin yana ciyawa, duk shekara sai dillalai sun zo sun ƙara masa kuɗi ya ce ba na sayarwa ba ne. A iya saninsa, bai taɓa ganin wanda ya sayi ƙasa a Abuja ya yi kuka ba, sai wanda aka sayar wa takardar bogi ko wanda rusau ya bi ta kansa.

Abin da bai taɓa tambayar kansa ba shi ne dalilin da ya sa farashi ba ya sauka a Abuja. Yawancin manyan gidajen Maitama da Asokoro da kuɗi hannu aka gina su ko aka saye su. Mai gida zai iya rufe shi shekara biyar, maigadi na shanya wanki a baranda, ba tare da kowa ya matsa masa ya sayar ba. In ba a biya abin da yake so ba, ya bar kayansa. Ga kuma naira da ke zubewa kullum, wadda ke sa lambar da ke kan gida ta yi ta hawa ko da ainihin darajarsa na tsaye. Kasuwar da babu wanda aka shaƙe wa wuya a cikinta, ba a ganin faɗuwarta. Wannan darasin Kawu ya ɗauka ya kai wurin da kusan kowane bene a kan bashi yake tsaye.

A 2002 Dubai ta buɗe wa baƙi ƙofar mallakar gida a wasu keɓaɓɓun unguwanni, yawancinsu a gaɓar teku: Marina, da tsibirin nan da aka cike teku aka zana shi kamar bishiyar dabino, Palm Jumeirah, da makamantansu. Daga nan farashi ya kama hawa. Zuwa 2007 da farkon 2008 abin ya wuce sayen gida, ya koma cinikin takarda. Mutum zai biya kashi 10 cikin 100 na gidan da ko tushensa ba a haƙa ba, bayan 'yan makonni ya sayar da takardar da riba, wanda ya saya shi ma ya miƙa wa na gaba. A lokacin nan gidajen bakin teku na Fulorida da Kalifoniya a Amurka sun riga sun fara zubewa, bankuna na ƙwace su, amma a Dubai cewa ake yi wannan ciwon Amurka ne, nan akwai kuɗin mai. Gangar ɗanyen mai kuwa ta kai dala 147 a watan Yulin 2008.

Cikin wannan zafin wani dillali ɗan ƙasarmu mazaunin can, mai Hausa a baki kamar zuma, ya ɗauki Kawu a mota ya kai shi Marina. Suka hau lif zuwa hawa na ashirin da wani abu. Kawu ya sha ba ni labarin wannan ranar, kuma kullum a wuri ɗaya muryarsa ke sauyawa: lokacin da dillalin ya ja labule. Mai sayar da labule ne shi, ya ce abin da ya fara lura da shi yadin ba mai kyau ba ne. Sai kuma ya ga teku, shuɗi har iyakar gani, da ƙananan jiragen ruwa farare a ƙasa kamar an zuba alli. Mutumin da aka haifa inda ruwa sai rijiya da kududdufin damina. Ina ganin a wurin aka gama cinikin, duk lissafin da ya biyo baya neman hujja ne kawai.

Gida biyu ya saya. Na farko ginanne, ɗaki biyu da falo, dirhami miliyan 2. Ya biya kafin alƙalami 400,000, sauran miliyan 1.6 wani kamfanin ba da rancen gida ya biya bisa tsarin ijara, wato gidan na kamfani ne, Kawu na biyan haya wata-wata har ya gama ya zama nasa. Wannan ya kwantar masa da hankali ƙwarai, don ya tambayi malaminsa an ce masa babu riba a ciki. Biyan wata kusan dirhami 14,000 ne, ga kuma ɗan haya, wani Bature ma'aikacin kamfanin gine-gine, da ke biyan 170,000 a shekara. Haya na biyan bashi, gida na ƙara daraja. Na biyun a takarda yake, wani bene da za a gina kusa da ruwa, dirhami miliyan 1.5. Ya biya 300,000 a kashi biyu, da niyyar sayar da takardar kafin biya na uku ya zo.

Da la'ada da kuɗin rajista, abin da ya fita daga hannunsa ya tasam ma naira miliyan 25, a canjin wancan lokacin na kusan naira 118 kan dala. Miliyan 10 yake da ita. Sauran 15 ya karɓo a wani banki a nan Abuja, ya ajiye takardar gidan Gwarimpa jingina. Mutumin da ya tsallaka teku yana gudun riba, ya dawo gida ya karɓi kuɗi da ruwa sama da kashi 20 cikin 100. Da na yi masa maganar, cewa ya yi, "Ai wannan na kasuwanci ne, wata shida zan mayar musu." A lokacin babu bankin Musulunci a ƙasar, Jaiz sai 2012 ya fara aiki. Hajiya ba ta san an fitar da takardar daga gida ba.

Akwai wani abu kuma da ya sa wa hannu bai ɗauke shi a bakin komai ba: cek-cek na gaba da ya rubuta wa kamfanonin biyu, har da guda ɗaya na lamuni mai ɗauke da kuɗi masu yawa. A dokar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta lokacin, cek ya dawo babu kuɗi laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku. Sai a farkon 2022 aka sassauta wannan dokar.

Ranar 15 ga Satumban 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka. Dubai ta yi kamar ba ta ji ba. A watan Oktoba kamfanin Nakheel ya sanar da shirin gina bene mai tsawon kilomita guda, a Nuwamba aka yi bikin buɗe otal ɗin Atlantis a kan tsibirin dabino da wasan wuta na gani na faɗa. Cikin watan nan dai manyan masu ba da rancen gida biyu, Amlak da Tamweel, suka shiga matsala har aka dakatar da cinikin hannun jarinsu, Nakheel kuma ya sallami ma'aikata 500. Zuwa Disamba gangar mai ta faɗo ƙasa da dala 40.

Yadda irin wannan kasuwa ke rushewa ba shi da wuyar fahimta in an bi shi daki-daki. Masu ba da rance sun rufe hannu, saboda haka mai saye ya ɓace, domin da ma da rance yake saye. Masu cinikin takarda, waɗanda ba su taɓa niyyar biyan cikakken kuɗi ba, duk suka fito sayarwa a lokaci guda. Kamfanoni suka rage ma'aikata, kuma a Dubai ta wancan lokacin baƙo in ya rasa aiki ya rasa izinin zama, dole ya tattara ya tafi. Tafiyarsa ta bar gida babu ɗan haya, haya ta faɗi, mai gidan da ke biyan bashi da kuɗin haya ya kasa biya, shi ma ya fito sayarwa ko a ƙwace. Kowane gida da aka sayar da araha ya zama ma'aunin da za a yi wa na maƙwabcinsa kuɗi. Cikin kusan shekara guda farashin gidaje a Dubai ya zube da kusan rabi. Manyan unguwannin bakin ruwa ba su tsira ba, domin can ne 'yan cinikin takarda suka fi yin dandazo.

Baturen Kawu ya tafi a farkon 2009. Gidan ya yi wata huɗu a rufe kafin a sami wani a kan 110,000, shekara ta zagayo shi ma ya ce sai an rage ko ya koma bene na gaba. Ga kuɗin kula da gini, wanda dillali bai taɓa ambata ba, kusan 20,000 a shekara, ko da mutum a ciki ko babu. Giɓin da ke tsakanin haya da biyan wata ya zama sai an cike shi daga Wuse.

Nan naira ta shigo da nata. Dirhami a ɗaure yake da dala, 3.67 kan kowace dala, ba ya motsi. Naira kuwa ta sauka daga 118 zuwa wajen 150 cikin 'yan watanni, a wurin 'yan canjin Zone 4 ma ta fi haka. Kowane dirhami da Kawu zai aika ya ƙara tsada da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ga cinikin kujeru ya ja baya, kuɗin kwangilar da ya yi wa wasu ofisoshi sun maƙale. Duk ƙarshen wata ni ke zuwa Zone 4 da kuɗi a baƙar leda. Wani dattijo da muke canji a wurinsa ya taɓa kallona ya ce, "Yaro, wannan kuɗin da kuke turawa kullum, kaya ne ba sa isowa ko mara lafiya gare ku a can?" Na ce mara lafiya ne, Baba. Ya ce Allah ya ba shi lafiya.

A Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, sabon gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka buga sunayen manyan masu cin bashi a jaridu. Kawu ƙaramin kifi ne, sunansa bai isa shiga jarida ba, amma daga ranar duk wani banki a ƙasar ya tashi haiƙan neman kuɗinsa. Manajan da da yake cewa "ranka ya daɗe, sai yadda ka ce" ya koma aiko da wasiƙa. Ranar 25 ga Nuwamba, saura kwana biyu Babbar Sallah, kamfanin Dubai World na gwamnati ya nemi masu binsa bashi su ɗaga masa ƙafa. A Disamba Abu Dabi ta kawo ɗauki da dala biliyan 10, a Janairun 2010 aka buɗe bene mafi tsawo a duniya aka raɗa masa sunan sarkin Abu Dabi, Burj Khalifa. Gwamnati ta sami mai ceto. Masu fulat ɗaya-ɗaya irin su Kawu kowa tasa ta fisshe shi.

A wannan gaɓar lissafin ya tsaya haka: gidan da aka saya miliyan 2 ba zai wuce miliyan 1 da 'yan kai ba in an sami mai saye, bashin da ke kansa kuwa yana nan wajen miliyan 1.55. Ko ya sayar, sai ya nemo rabin miliyan ya cika. A wasu jihohin Amurka mai irin wannan hali yana iya miƙa wa banki makulli ya yi tafiyarsa. A Dubai kuwa bashi mutum yake bi, ba gida kaɗai ba. Ga dokar jingina ta 2008 da ta tsara hanya: a ba mutum wa'adin kwana 30, in bai biya ba alƙali ya ba da umarnin a yi gwanjon gidan. A Janairun 2010 bankin Barclays ya sami hukuncin farko na irin wannan, sauran masu bin bashi suka ga hanya ta buɗe.

A ganina babban kuskuren Kawu ba a 2008 ya yi shi ba, kowa na iya ruɗuwa a shekarar da duniya duka ta ruɗe. Kuskuren na 2009 ne. Tun watan da Baturen ya tafi ya kamata ya zauna da kamfanin a nemi mafita, ko ya sayar da filin Jabi a tsanake ya kashe bashin Abuja mai cin ruwa. Sai ya zaɓi ya yi ta cike rami da cokali, wata goma sha takwas, don kada a ji. Na gaya masa sau ɗaya, "Kawu, ku duba maganar Jabi." Ya ce, "Kai yaro ne. Ana sayar da ƙasa a biya bashin iska?" Ban sake ba.

Da biya ya tsaya a tsakiyar 2010, tsoron cek ya hana shi taka Dubai. Labarin waɗanda aka tsare a filin jirgi ya cika kasuwa, wasu gaskiya wasu ƙari. Mutumin da rayuwarsa ta dogara da zaɓen yadi da idonsa ya koma aike. Ni aka tura.

Na je gidan. Ɗan haya na biyu ya riga ya fita, an yanke sanyi, zafi ya dafa falon har fentin gefen taga ya kumbura. Wasiƙu sun taru a bayan ƙofa sai da na tura da ƙarfi. Labulen nan da Kawu ya raina yana nan, rana ta cinye launinsa. Na ja shi. Tekun na nan yadda aka ba ni labari, ban ga laifin Kawu sosai ba a wannan minti. Da dare na tsaya a ƙasa na ɗaga kai ina ƙirga tagogin da ke da wuta a benen, na bari don masu duhu sun fi yawa. Washegari na nemi wurin gida na biyu. Katanga ce ta kwano, an manna mata hoton bene da mutane suna shan shayi a baranda, hoton ya koɗe. Na leƙa ta wata kafa: rami ne babba, ruwa kore ya taru a ciki, ƙarafa sun yi tsatsa sun miƙe kamar karan dawa bayan girbi. Tun 2007 akwai dokar da ta ce a riƙa ajiye kuɗin masu saye a asusu na musamman don ginin kaɗai. Abin da ya dawo wa Kawu daga cikin 300,000 ɗinsa, bayan shekaru da soke aikin, bai taka kara ya karya ba.

Hajiya kuwa a tsakar gidanta ta ji labari. Wata safiya mutum biyu suka yi sallama, ɗaya da tef ɗin awo, ɗaya da kyamara, suka ce banki ya turo su kimanta gida. Tana tsaye da ludayi a hannu suna auna katanga. Ba ta yi hayaniya ba. Ta ba su ruwa, ta jira Kawu ya dawo daga masallaci, ta ce, "Alhaji, waɗannan baƙinka ne ko nawa?" Abin da suka tattauna a ɗaki ban sani ba. Da ya fito, ni ya kira ya ce in nemo dillalan Jabi.

A Najeriya ƙwace gidan jingina ba ya sauri. Shari'a kan ɗauki shekaru, lauyoyi sun ce masa zai iya jan banki a kotu har su gaji. Ya ƙi. Ya ce ba zai tsaya gaban alƙali a karanta cewa ya ci bashi da ruwa ba, kuma kowane wata ruwan ƙaruwa yake yi: miliyan 15 ta riga ta zama 21. A Dubai kamfanin ya karɓe gidan, aka sayar ƙasa da dirhami miliyan 1. Da tara da kuɗin shari'a giɓin ya haura 600,000. Wani lauya a can ya yi ta kai da komo har aka yi sulhu a kan 350,000 a biya lokaci guda, a mayar masa da cek ɗinsa. A canjin 2011 wannan ya kusa naira miliyan 15.

Filin Jabi, wanda shekara biyu kafin nan aka taya miliyan 50 ya ƙi, ya yi wata uku a kasuwa. Dillalan Abuja suna jin ƙanshin matsuwa tun daga nesa. Wanda ya taya 50 ɗin ya ce yanzu ba shi da hali. Wani ya ce 30. A ƙarshe ya tafi a 38, ga wani da ya biya kuɗi hannu cikin mako guda. Babu jaridar da ta rubuta cewa farashin ƙasa ya faɗi a Jabi a shekarar, kuma bai faɗi ba, maƙwabtan filin da ba sa bin kowa ba a bin su suna nan a kan 50 ɗinsu. Ga Kawu kaɗai ya faɗi, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya faru da Marina gaba ɗaya shi ne ya faru da fili ɗaya a Jabi, bambancin kawai a can mutum dubbai aka shaƙe a lokaci guda.

Abin da ya fi ciwo ya zo daga baya. Daga 2012 farashin Dubai ya farfaɗo. A 2013 hukumomi suka ɗaure kasuwar: aka ninka kuɗin rajistar sayen gida daga kashi 2 zuwa 4 cikin 100, Babban Bankinsu ya hana ba baƙo rancen da ya wuce kashi 75 na kuɗin gidansa na farko, na gidan da ba a gina ba kuma kashi 50. Kasuwar ta sake sanyi daga 2014, sannan ta yi tashin gwauron zabi daga 2021. Naira kuma ta haura 1,500 kan dala a 2024. Wanda ya sayi gidan Kawu da araha, in ya riƙe shi, yau yana zaune a kan ɗaruruwan miliyoyin naira. Wato Kawu bai yi kuskure a kan gidan ba. Wanda ya saya da kuɗinsa ya jira, ya ci. Shi da kuɗin mutane biyu ya saya, a ƙasa biyu, kowanne da ranar da yake son abinsa.

Shagon Wuse na nan, sito ne ya tafi. Takardar Gwarimpa ta dawo, tana akwatin Hajiya, makullin na cikin lalitarta. A filin Jabi yanzu bene ne mai hawa huɗu, in za mu wuce ta wajen Kawu kan ce wa direba ya bi ta Utako, wai ta fi sauri.

Bara wani saurayi ya zo shago da waya a hannu yana tallan sababbin gidaje a Dubai, biya kaɗan-kaɗan, babu ruwa. Na yunƙura zan sallame shi, Kawu ya ɗaga min hannu. Ya sa tabarau, ya karɓi wayar, ya daɗe yana jan hotunan da yatsa. Bai tambayi farashi ba. Ya ce, "Hawa na nawa ne wannan? Ana hango ruwa daga falo?"